Tsakanin ranar Malbaza da gawayin Salkadamna

Jiya da la'asar ina zaune bakin atelyen yayana nan Tawa, shina cikin haɗa wata ƙofar ƙarfe sai kuran ya tahi. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce wa yaronshi je ka tada gurup. Yaro ya ja igiya sau uku, abin ya yi tari ya tofo baƙin hayaƙi sannan ya kama, kuma wallahi kafin minti biyar na ƙirga gurup huɗu suna ruri a layin nan kaɗai, namu da na mai ƙanƙara da na mai cajin waya da na wani butik can ƙarshen layi. Warin gazuwal ya cika hanci ga zafi ga ƙara, magana ma sai ka ɗaga murya. Na ce Yaya, wai lita nawa abin nan yake sha maka a wuni? Ya ce ƙanena in ranar ta yi muni lita biyar, kuma duk cikin ribar ƙofa guda nake cire kuɗinta.

Tun a wurin nake lissafi a raina. Lita ɗaya ta gazuwal in ta ƙone tana sakin wajen kilo 2.6 na iskar kabon, wannan da ake cewa ita ke riƙe zafi a sama tana ɗumama duniya. Lita biyar kilo 13 kenan a atelye guda a wuni guda. To ka ɗauki Tawa duka, ka ƙara Ƙwanni da Madawa da Maraɗi da Damagaram da Yamai, kowane tela da mai niƙa da mai firigo da ɗan gurup ɗinshi a bakin ƙofa. Wannan hayaƙin ba ya shiga littafin wani kamfani, amma cikin huhun ƴaƴanmu yake shiga, kuma ƙaramin gurup ya fi babbar tasha shan mai in aka auna da yawan wutar da yake bayarwa. Shi ya sa ni a ganina duk mai son ya auna ko kamfanin wuta yana kyautata wa yanayi, kar ya tsaya ga hayaƙin da ke fita tashoshinshi kawai, ya duba har da wanda mutane ke tayarwa a lokacin da babu wutar.

Na san akwai masu cewa zancen canjin yanayi zancen Turawa ne, mu mi munka ƙona? Kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, don ɗan Nijar a shekara abin da yake saki na kabon bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda ba, alhali ɗan Amurka shina sakin fiye da tan goma. Sai dai wahalar a kanmu take sauka. A 2020 kogin Kwara ya cika ya fasa ya shiga unguwannin Yamai, a 2024 ruwa ya yi ɓarnar da har tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe, anka ɗage komawa lakwal, mutane ɗaruruwa sunka rasu. Zafin watan Afrilu kuwa ba sai an ba kowa labari ba, tsofaffi da jarirai su sunka fi jin jiki. Wanda ruwa ya ci gidanshi ba ya tambayar wa ya fara ƙona gawayi a Ingila.

Bari in ɗan koma baya ga inda wutarmu take fitowa don da yawa cikinmu faktur kawai munka sani. NIGELEC, kamfanin wutar ƙasar nan, tun 1968 take, kuma shekara da shekaru kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take rabawa daga Najeriya ake sayo ta, abin da ya samo asali daga madatsar ruwa ta Kainji. Yamai tana samu ta layin Birnin Kabi, mu nan yankin tsakiya da gabas ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa. Da anka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta yanke layin, ba a maido ba sai Maris 2024. Watannin nan kowa ya ga abin da ake nufi da rance a hannun maƙwabci. Inna tana sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi, firigonta ya koma akwatin ajiye kwanoni, wata rana na tarar da ita tana zubar da zoɓo bokiti guda da ya yi tsami, ba ta ce komi ba sai Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. A lokacin mafi yawan abin da ya rage wa ƙasa shi ne tashoshin mai irin ta Goru Banda kusa da Yamai da anka buɗe a 2017, a ƙona mai dare da rana, sauran giɓin kuma gurup ɗin mutane ya cike.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne rana. Mu mutanen Adar muna da abin alfahari a nan, don babbar tashar hasken rana ta farko a ƙasar nan a Malbaza take, megawat 7, anka buɗe ta a 2018 da tallafin kuɗin Indiya. Daga baya ta Goru Banda kusa da Yamai ta zo a 2023, megawat 30, panno sama da 55,000, da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai, kuma ta fara aiki daidai lokacin da ake cikin wannan ƙuncin. Babu hayaƙi babu tankar mai da za ta taso daga matatar Damagaram, ranar nan da take ƙona mana ƙeya ita ce take juya bantilater. Ni ina ganin wannan shi ne aiki mafi kyau da anka yi a harkar wuta a ƙasar nan cikin shekarun nan, kuma ya yi kaɗan ƙwarai in ka dubi yawan ranar da Allah ya hore mana.

Amma rana ma tana da nata hali, na gani a kan rufin gidanmu. Panno biyu gare mu. Lokacin hunturu in buji ya taso kwana biyu kawai ƙura za ta lulluɓe su kamar an barbaɗa gari, caji ya ragu, sai na hau da tsumma da ɗan ruwa a buta da sassafe kafin su yi zafi in goge. Kuma abin da mutane ba su sani ba, panno haske yake so ba zafi ba, in ya gasu da yawa ƙarfinshi raguwa yake. To ka ƙiyasta masu goge dubu hamsin da biyar, da ruwan da za su buƙata. Ga babbar matsalar, lokacin da munka fi son wuta shi ne bayan magariba zuwa tsakar dare, ɗaki ya ɗauki zafin wuni kamar tanda, a lokacin rana ta faɗi. Sai da batir, batir kuwa tsada, na farko da na saya a kasuwa ko shekara bai yi ba ya mutu. Da na kai shi wurin masu sayen tsofaffi na ga yara suna fasa su da guduma suna tsiyaye ruwan a ƙasa suna cire darma da hannu ba safa ba komi, awaki na yawo a wurin. Darma guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wannan ma lissafi ne da ya kamata ya shiga zancen tsabtar wutar rana.

Sai Salkadamna, a nan ne zuciyata take rabuwa biyu. Gawayin ƙasa ne kwance cikin jiharmu, an daɗe ana maganar a haƙo shi a gina babbar tasha. Ba sabon abu ba ne a Nijar, SONICHAR, kamfanin gawayin ƙasa, tana ƙona gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin tun farkon shekarun 1980, tana ba Arlit da Agadas wuta. Gawayi shi ne mafi ƙazanta cikin duk abin da ake ƙonawa a samu kuran, kusan kilo guda na kabon a kowane kilowat na awa ɗaya, ga toka ga ƙura ga ruwa mai yawa da tasha take sha don sanyaya injuna, a ƙasar da mata suke tahiya mai nisa da jakai neman ruwa, rijiya kuma gaba da yawa kafin ka tarar da shi. Duk na san wannan. Amma kuma na san wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da wuta a ƙasar nan, a ƙauye abin ya fi haka muni, garin kakannina har yau ungozoma da tocilan take karɓar haihuwa, ana dahuwa da kara da kashin shanu don itacen ma ya yi nisa. Da wane baki zan ce wa mutanen nan a bar gawayi a ƙasa saboda duniya, bayan waɗanda sunka ƙona nasu shekara ɗari biyu su ne yau suke kwana cikin kilim mai sanyaya ɗaki? Ba zan iya ba. Abin da zan iya cewa shi ne in za a yi, a faɗa wa mutanen wurin gaskiya tun kafin a kafa tubali, ruwan daga ina za a jawo shi, tokar ina za a zuba ta, wane gari ne iska za ta riƙa kai wa hayaƙin, makiyaya ina za su bi da dabbobinsu, kuma garuruwan da ke gindin tashar su fara samun wutar kafin ta wuce ta kansu zuwa birni. Kuma kar gawayi ya sa a manta da Malbaza ta biyu da ta uku.

Kandaji kuwa, madatsar da za ta ba da megawat 130 a kan kogi can wajen Tilaberi, tun 2008 anka aza harsashinta muna ƴan lakwal, muna nan muna jira.

Abin da nake fata daga duk mai raba wuta a ƙasar nan ba mai wuya ba ne. Sau ɗaya a shekara a fito a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci a ce bana kaza munka samu daga rana, kaza daga mai, kaza daga gawayi, kaza munka sayo, lita kaza munka ƙona, kaza ta zube a hanya saboda tsofaffin wayoyi da masu jan wuta ta bayan kwantar, baƙin man injuna kuma ga inda munka kai shi. Manomi ya san damin da ya samu bana da na bara, mu ma masu biyan faktur mu san ko gaba ake yi ko baya. Mu ma da namu laifin, na sha shiga biro in tarar da kilim shina aiki ƙofa buɗe babu kowa a ciki.

Yaya ya taɓa zuwa tambayar kuɗin panno da batir da za su iya ɗaukar injin walda, da anka yi mishi lissafi ya ce ko ya sayar da babur ɗinshi da ragunan layya ba za su kai ba, sai ya sayi ƙarami ya sa a gida don fitila da bantilater ɗin yara. Jiya kuran bai dawo ba sai ana kiran magariba. Yaro ya kashe gurup, na mai ƙanƙara ma ya yi shiru, sannan munka ji liman ya riga ya tada salla. Yaya ya girgiza bidon ɗin gazuwal ya ji abin da ya rage, ya ce wa yaron gobe ka biya ta tasha da sassafe ka ƙaro lita uku.