Asabar a Mile 12, da warin da na sani

Motar tumatir ta iso kasuwar Mile 12 ta Legas daga Kano tun kafin asuba, kuma kamar kowace Asabar ɗan Yaya ya zo taya mu sauke kaya tunda babu makaranta. Shekararsa 16, da kuɗin dakon nan yake biyan darasin yamma, shi ya sa ban taɓa hana shi zuwa ba.

Wajen ƙarfe goma ya kifar da kwando guda a bakin kwata. Da na sunkuya muna tsince waɗanda ba su fashe ba, sai warin wiwi ya bugi hancina daga rigarsa. Na ɗaga kai na ga idanunsa jajur, yana kai hannu ga tumatir ɗaya yana kuskurensa kamar hannun ba nasa ba ne. Na ja shi bayan rumfa, inda buhunan albasa suka kare mu daga idon mutane, na tambaye shi tun yaushe.

Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi ba don nishaɗi ba ne. Idan na zuƙa sau biyu kwandon ba ya yi mini nauyi, ko zafin rana ba na ji. 'Yan baro da yawa haka suke yi."

Na ce masa wiwi ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, gajiyar kawai take ɓoyewa, sannan ta rage saurin da ido da hannu suke amsa wa juna, ga shaida nan a cikin kwata. Na ce ƙwaƙwalwar mai shekarunsa ba ta gama ginuwa ba, kuma abin da wiwi take fara taɓawa shi ne riƙe karatu, wato ainihin abin da yake ɗaukar kayan nan dominsa. Na kuma tuna masa cewa idan jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka same shi da ita a aljihu, ba za su tambayi kwando nawa ya sauke ba. Ya ce, "To, Kawu," irin amsar da yaro yake bayarwa don a sake shi.

Buba Marwa ne yake shugabantar hukumar tun 2021, kuma da na ambaci sunansa sai bakina ya yi nauyi, domin a 1997, yana gwamnan soja a Legas, ni ma shekarata 16, ina taya mahauta aiki a Agege bayan an tashi daga makaranta, kuma hujjar da yaron nan ya kawo ita ce na riƙa faɗa wa kaina. Tabon da ke babban yatsana na hagu wuƙar fawa ce ta bar mini shi wata safiya da na zuƙa kafin aiki. Yana ganin tabon kullum, bai taɓa tambaya ba, ni kuma yau na tura hannun cikin aljihu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ji warin nan tun makonni uku da suka wuce, na yi shiru saboda yaron yana gama aikin mutum biyu kafin azahar, kuma hakan ya yi mini daɗi. Sai da aka yi mini asarar kwando na tuna ni kawunsa ne.

Na biya shi kuɗinsa cif, ban cire ko sisi na tumatirin ba.

Bayan magariba Yaya ta kira tana tambayar ko yaron ya yi aiki da kyau. Na ce mata lafiya lau, na tambayi ciwon ƙafarta, muka yi sallama. Har yanzu wayar tana gefena, lambarta a sama, kuma an riga an kira isha'i.