Ruwa ya fito amma zartsi ne

Ni dai sana'ata haƙa bohol ce, rig, wato motar haƙa, ɗaya gare ni tsohuwa da yara shida, daga Gashua muke tashi mu yi Yusufari, Machina, wani lokaci har bakin boda. Mutane suna ɗauka da ruwa ya ɓulle shikenan aiki ya ƙare, toh a arewacin Yobe samun ruwa daban, samun wanda zai shawu daban. Ƙasar kanwa ce fa, tun kakanni ake ɗibarta a kwaruruka, damina wata uku ce sauran duk rana ce ke tsotse ruwa ta bar gishirin a ƙasa, shi ya sa ruwan sama-sama a wurare da yawa zartsi ne, ka sa sabulu ya ƙi kumfa, ka dafa shayi ɗanɗanon ya canza.

Ina yawo da ɗan mita na aljihu mai auna yawan gishirin ruwa, kafin a sa kesin, wato bututun da ake zura wa ramin, sai na ɗebi ruwan a kofi na tsoma shi, in ya haura 1000 nakan faɗa wa mai aiki gaskiya ko da ranshi zai ɓaci. Akwai wani Alhaji mai lambun albasa, nace masa Alhaji sai mun wuce wannan ruwan na sama mun toshe shi da siminti sannan mu sa sikirin, wato bututu mai tace yashi, da tsakuwa a yashin ƙasa mai daɗi, yace kuɗin yayi yawa, ya kira wasu suka yi masa a kwana biyu ba siminti ba komai. Ya ɗaura sumo, famfon da ake zurawa cikin bohol, da sola, tun hantsi har la'asar tana zuba ko ana buƙata ko ba a buƙata tunda ba mai yake saya ba, shekara biyu sai gashi ya kira ni, na tarar da kunyoyin sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari, bakin ganyen albasa duk ya ƙone. Zartsin saman ne ya bi bayan kesin ya gangara, kuma yawan ja shi ke ƙara janyo shi.

Abin da ke damuna kenan da sola, alheri ce amma ta cire wa mutane tsoron ɓarna. Ga shi ruwan da ke komawa ƙasan ya ragu, tunda aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar fadamar Hadejia zuwa Nguru ba kamar da ba, mu kuma kullum ƙara huda ƙasa muke, maƙwabci na ganin maƙwabci.

Bohol ɗin Alhaji dai cike shi muka yi da siminti, muka matsa gaba muka haƙa sabo, na sa masa tanki da makunnin da ke kashe sumo in ya cika. Gefen da ya yi farin nan har yau ko ciyawa bata fito ba.