Abin da ke kashe ƙafa a kilomita 30

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, amma a wajen kilomita 30 ake gane wanda ya shirya. A nan ne za ka ga wanda ya taho da ƙarfinsa ya koma jan ƙafa, kamar an ɗaura masa turmi.

Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, abin da masana ke kira gilaikojin, kuma ajiyar ba ta wuce kalori 2,000 ko kusa da haka (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mai gudu kuwa yana ƙona kimanin kalori ɗaya kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Ke nan mai kilo 65 yana buƙatar sama da 2,700 kafin ya kai ƙarshe. Kitse ne ke cike giɓin, sai dai shi a hankali yake ci, kamar gawayi. Da ka ƙara sauri, jiki ya koma kan sukari. Wanda ya fizga da farko don kada a bar shi a baya, bashi ya ci, kuma a kilomita 30 ake zuwa karɓa.

Shi ya sa yawancin atisaye, kusan kashi 80 cikin 100, a hankali ake yin sa, yadda za ka iya hira da na gefenka ba tare da haki ba. Wannan ne ke koya wa tsoka cin kitse. Sabbin shiga sun tsani wannan magana, gani suke wasa ne.

Ka ware mako 16 zuwa 20. Sau ɗaya a mako ka yi dogon gudu, kana ƙara kilomita ɗaya ko biyu, har ka kai 30 ko 32. Duk mako na huɗu ka sassauta. Zuciya da huhu na saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa sai a sannu, wanda ya yi garaje shi ke ƙarewa da ciwon ƙwauri ko gwiwa. In ya rage mako uku gasa, a fara rage tazara. A zafi irin namu, bayan asuba ake fita.

A cikin gudun, tun daga minti 40 ka fara cin abu mai zaƙi, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Dabino mai laushi na yi, amma ka gwada shi a atisaye, ranar gasa ba a gwajin abinci ko sabon takalmi. Ruwa kurɓa-kurɓa ake sha. Ɗirka shi zalla yana tsinka gishirin jini, har ya kai ga ruɗewa ko suma. Ka hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta zufa.

Gwanaye ma ba sa fizga da farko: lokacin da Kelvin Kiptum na Kenya ya kafa tarihin gudun fanfalaki na duniya a birnin Chicago na Amurka a 2023 da awa 2 da daƙiƙa 35, rabin farko ya ɗauke shi minti 60 da daƙiƙa 48, rabi na biyu kuma minti 59 da daƙiƙa 47.