Braniger ta rufe, amma wa ya daina sha?

Duk sanda aka tada zancen Braniger a fada sai ka ji wani ya ce alhamdulillahi, ai izin ɗin giya ce, gara da ta mutu. To ni dai ba na sha kuma ba kare giya na zo yi ba, amma wallahi maganar nan tana ban haushi, don mutane sun manta a wannan izin ɗin ta wajen Gamkalle ne ake cika kwalaben Coca da Fanta da Sprite da Youki, lemun da muke jerawa ranar biki da suna, wanda mai butiki ba ya bari ka fita da shi sai ka kawo kwalba wofi ko ka aje kuɗin jingina.

Tun 1967 ta fara aiki a Yamai. Bière Niger ɗin nan mai hoton raƙumin dawa, wadda mashaya ke ce ma konjonktir, sunan ƙasarmu ne a jikin kwalbar amma masu abin suna can waje, Braniger ta rukunin Castel ce, na attajirin Faransa Pierre Castel da ya saye kamfanin BGI a 1990 ya gaje izin-izin ɗin giya na ƙasashen renon Faransa. Brakina ta Burkina tasu ce, Solibra ta Kodebuwa tasu, Sobebra ta Benin ma haka. Wanda ke da irin wannan garke, in saniya guda ta daina ba da nono ai ba zai kwana yana kuka ba. A 2019 suka ce asara ake yi, kayan waje masu araha sun cika kasuwa, aka kashe injina aka sallami ma'aikata. A shekarar ce ma Orange ta wayar salula ta saida nata ta kama gabanta, shi ne ya koma Zamani.

Maƙwabtanmu ma abin ya taɓa su. A 2024 Diageo ta Ingila ta saida kasonta na Guinness Nigeria, kashi 58 cikin 100, ga Tolaram ta Singafo, masu Indomie ɗin nan, ita kuma Nigerian Breweries da Heineken ke riƙe da ita ta tsaida izin 2 cikin 9 da faɗuwar naira ta matse ta. Amma can ko ba komai kasuwa babba ce, wani na fita wani na shiga.

Mu fa? Bar-bar ba su rufe ba, mai sha yana shan abinsa, sai dai yanzu a kamyo ake shigo da shi ta kan iyaka, wani ta duwan wani ta bayan fage, lemu kuma duk ya koma gwangwani da roba. Albashin da ake biya a Gamkalle yanzu a wata ƙasa ake biyan shi, direbobi da 'yan dako da mata masu saida shinkafa da wake a bakin ƙofar izin kuwa ba wanda ya tambaye su ko sun ce alhamdulillahi.