Dillancin gida da fili a Garwa ta Kamaru: yadda ake tsallake watannin babu

Sabon dillali kan sa ido a kan babban ciniki, ya sayar da fili ɗaya ya huta. Amma irin wannan cinikin yakan yi watanni bai faɗa ba, cefane kuma ba ya jira. Haya ce ke riƙe dillali. A al'ada la'adar ɗaki kuɗin wata guda ce, kuma kasuwar tana tashi daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ma'aikatan da aka yi wa canjin wuri da ɗaliban jami'a ke neman masauki. Abin da aka samu a lokacin sai a raba uku: na gida, na man babur da katin waya, da na ajiya, don bayan nan kasuwa takan yi sanyi.

Kuɗin kafin alƙalami amana ne, kada ya kwana a aljihunka. Dillalai da yawa a nan suka faɗi: matsi ya zo, aka taɓa kuɗin mutane da niyyar mayarwa, ciniki ya warware, sai ga sammaci.

Sai batun takarda, wanda nake ganin shi ne rabin sana'ar. Takardar lawan ko jauro, wato masu sarautar unguwa ko ƙauye, shaida ce kawai; titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, shi ne ke tabbatar da mallaka. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce filin da ke da titir, a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki, ake sayar da shi, in ba haka ba cinikin bai inganta ba. Kafin a yi maganar farashi, ka ɗauki lambar titir ka je ofishin ajiyar takardun filaye ka karɓo shaidar mallaka, a nan za ka ga ko banki na riƙe da filin jingina. Ka kira mai awo na kadastir, wato ofishin awon filaye, ya nemo duwatsun iyaka, domin maƙwabci kan matsar da su. In filin gado ne, sai ka ji ta bakin kowane magaji, har matan da suka yi aure a wani gari.

Filin da ke kusa da kogin Binuwai kuwa, a gan shi cikin damina. A watan Maris ko'ina tudu ne. Ka duba gindin katangun maƙwabta, alamar ruwa ba ta ɓuya, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2012 za su nuna maka inda ya tsaya. Baƙar laka mai tsagewa da rani tana buƙatar siminti da rodi da yawa a harsashi, ka gaya wa mai saye tun kafin ya biya, ko da la'adarka za ta ragu.