Yarinyar da ta soke shida da shida

Duk inda na ce aikina koyar da lissafi, sai mutum ya gyara zama ya fara ba ni haƙuri, wai shi tun yana ƙarami ba sa ga-maciji da lissafi. Tsofaffin ɗalibaina kuwa, masu furfura yanzu, in mun haɗu sai sun tambaye ni: "Malam, har yau ba a gano x ɗin nan ba?" Mu yi dariya mu rabu. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai har na yi ritaya, amma in aka ce in ba da labarinsa, rana ɗaya ce take fara zuwa mini, kuma har gobe ina jin haushinta da daɗinta a haɗe.

Muna kan rage lamba mai sama da ƙasa zuwa mafi ƙanƙantar siffarta. Littafin aji ya kawo 16 bisa 64, na rubuta a allo. Wata yarinya mai zama a layin baya, wadda ba a cika jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. Na miƙa mata alli ina murna. Ta zo ta ja layi a kan shidan sama, ta ja a kan shidan ƙasa, ta bar 1 bisa 4, ta kakkaɓe hannu.

Na ce, "'Yata, ba haka ake yi ba."

Ta ce, "Malam, amsar ba daidai ba ce?"

Daidai ce. In ka raba 64 gida huɗu, 16 za ka samu. Aji ya kaure da tafi, har da masu buga tebur. Kafin in buɗe baki aka kaɗa ƙararrawa, suka fita da sabuwar hanya a kai, ni kuma ina riƙe da bayanin da bai samu fita ba.

Washegari yarinyar nan ta zo da takarda a ninke. Ashe kwana ta yi tana gwaji. Ta samo 19 bisa 95, a soke tara da tara a sami 1 bisa 5. Ta samo 26 bisa 65, ya ba da 2 bisa 5. Ta samo 49 bisa 98, ya ba da 4 bisa 8, wato rabi. Duka daidai! Ta ce, "Malam, ga huɗu nan, ko a ƙaro?" Abin da ba ta sani ba shi ne, a cikin lambobi masu harafi biyu, inda ta sama ba ta kai ta ƙasa ba, huɗun nan su ke nan, in an cire masu sifiri a ƙarshe irin 10 bisa 20. Ta kwashe su kaf ita kaɗai.

Kafin mako ya zagayo hanyar ta bazu kamar wutar daji, har azuzuwan da ba na shiga. Na ɗauki takardun gwaji, duk inda na duba sokewa ce. Wani ya soke biyu da biyu a 12 bisa 24 ya rubuta 1 bisa 4, alhali rabi ne. Wani ya mai da 13 bisa 39 ya zama 1 bisa 9, alhali sulusi ne. Wani yaro ma a 15 bisa 25 ya soke biyar da biyar, ya rubuta rabi, ya ƙara da jan layi biyu a ƙasa don nuna ya tabbata. Jan birona ya sha aiki a makon nan, kuma kusan zango guda na yi ina cire musu abin da minti ɗaya ya dasa.

Faɗa bai yi magani ba, domin yara sun ga amsa ta fito da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Abin da ya yi magani labari ne. Na ba su labarin wani Bafaranshe masanin lissafi, Pierre de Fermat, wanda a 1640 ya lura wata dabara tana fitar da 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ya ce lallai haka za ta ci gaba har abada. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya nuna lamba ta shida, wato 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Na sa su yi rabon da hannu, suka yi gumi suka sami 6,700,417 ba saura. Na ce to, gwani irin wannan misali biyar suka ruɗe shi, ku huɗu kuke da su.

Daga nan na ba yarinyar aikin da ya dace da ita: ta gano dalilin da ya sa huɗun nan kaɗai suke yi. Ta sa a, b da c a madadin lambobin, muka bi tare, har ta ga sharaɗin da dole su cika da kuma yadda sauran lambobi suke faɗuwa a kansa. Ranar ta fara aljebra da gaske, ba tare da na ce mata sunansa ke nan ba. Ina alfahari da ita har yanzu.

Shawarata ga sababbin malamai daga nan ta fito. Ku duba aikin littafi kafin ku hau allo, in kun ga 16 bisa 64 ku san akwai tarko. Kada ku bari a kaɗa ƙararrawa da hanya mara tushe a allo, ko da za ku riƙe yara minti biyu. Ku riƙa ajiye misalin da zai karya ta a aljihu, 12 bisa 24 ya isa. Kuma ku raba maki biyu, na amsa daban na hanya daban, ku gaya wa yara tun ranar farko. In yaro ya kawo hanyar banza da ta ba da amsa daidai, kada ku kore shi ya zauna. Ku ce ya je ya samo muku inda ba ta yi.