TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Daren da na kasa samun jijiya

Salama gare ku. A kashin makon jiya na tsaya ne inda Matron ta kira ni ofis ta ce an mai da ni ɗakin masu sanƙarau, to yau daga nan zan ɗora.

Duk wanda ya yi aikin asibiti a Sakkwato a 2017 ba sai an tuna masa ba. Cutar ta faro daga Zamfara tun ƙarshen 2016, kafin a ankara ta shigo mana, ta shiga Kebbi da Katsina da Neja, kuma kafin ta lafa sai da ta ci rai sama da dubu ɗaya a ƙasar nan, yawanci yara. Abin da ya rikita mutane shi ne ai an yi rigakafin sanƙarau shekarun baya, sai uwa ta zo tana cewa Malama an yi mai allurar fa, ke kuma ki tsaya kina bayanin cewa waccan ta nau'in A ce, wannan da ya zo nau'in C ne, allurar ba ta tare shi. Ki gaya wa tsohuwar da ta kwaso jikanta daga ƙauye a bayan a-kori-kura wuyansa a sanƙare wai A da C, ke ma kin san surutu kawai kike yi.

Ga kuma zafi. Afrilun Sakkwato ba sai an faɗa ba, ma'auni ya haura 40, ƙarfen gado ma idan kika dafa da rana sai kin janye hannu. Gadaje sun cika, wasu a tabarma a baranda, an ɗaure ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa.

Yanzu bari in faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa a cocinmu ba. A wancan lokacin na daina addu'a. Ni da na tashi gidan da ƙarfe biyar na asuba Baba zai buga ƙofa, a fito a yi waƙa ɗaya, a karanta Littafi Mai Tsarki, a durƙusa har gwiwa ta yi tsami, ni da nake zuwa Zumuntar Mata ba fashi. Dalili kuwa wata yarinya ce 'yar shekara tara da ta shiga raina a satin farko, kamarta ɗaya da babbar 'yata har wushiryar. Na yi mata azumi kwana biyu, na yi wa Ubangiji alkawura iri-iri, in ka tashe ta zan yi kaza zan yi kaza, kamar mai ciniki a kasuwar Kara. Ranar na uku na shigo duti na tarar an naɗe katifarta. Daga ranar bakina ya rufe. Ba wai na ce babu Allah ba, a'a, fushi nake da shi irin fushin da mace ke yi da miji, ta dafa abinci ta ajiye amma ba magana. Mama ta kira ni a waya ta ce "Kina dai addu'a ko?" na ce ina yi Mama. Ƙarya nake.

Haka har Juma'ar Ista, 14 ga Afrilu, ranar da muke tuna mutuwar Yesu a kan gicciye. Da safe maigidana ya matsa sai da na bi shi sujada, na zauna can baya ina gyangyaɗi, abin da kawai ya shiga kunnena shi ne inda Fasto ya karanto kukan Yesu a Markus sura 15, inda yake tambayar Allah don me ya yashe shi. Ban ma ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Da magariba na hau kabu-kabu daga Mabera na tafi aiki.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka shigo da shi. Yaro ɗan shekara bakwai haka, jiki zafi rau, kai ya lanƙwashe baya, idan kika ɗaga ƙeyarsa duk jikin ke tasowa kamar katako, ga jijjiga tana zuwa tana tafiya. Kwana uku yana gida ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, ba na ganin laifinsu fa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka fitowa. Likita ya duba ya ce a sa kanula, 'yar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa da allura, a fara maganin ceftriaxone mai kashe ƙwayoyin cutar nan take, ɗiban ruwan ƙashin baya ya jira tukuna tunda yaron ba ya cikin hayyacinsa, sai aka kira likitan wani ɗakin ya fita da gudu. Ina ɗaure hannun yaron wuta ta ɗauke. Janareto kuma shiru, wai ba mai.

Uwar ce ta riƙe min fitilar waya. Yaron ya bushe, ruwan jikinsa ya ƙare da amai, jijiyoyin duk sun kwanta. Na soka a bayan hannu, babu. Na koma gwiwar hannu, babu. Ɗaya hannun, jini ya ɗan leƙo sai jijiyar ta fashe wurin ya kumbura. Ni da ake kira daga wasu ɗakuna idan jijiyar jariri ta gagara, yau ga ni hannuna yana rawa kamar mazari, zufa tana shiga min ido. Uwar ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa, can ta ce min da irin maganarsu, "Malama, su ukku na haihwa, wanga ɗai ya rage man."

Akwai wata dattijuwa mai shara a ɗakin, Iya muke ce mata, 'yar cocin Katolika ce, kullum rosari, wato carbinsu na addu'a, a wuyanta ƙarƙashin yunifom, ba ta yi boko ba amma ta fi shekara ashirin tana goge ƙasan asibiti. Ita ce ta matso ta taɓa kafaɗata ta ce "Sista, je ki wanke hannunki ki dawo." Na so in yi mata tsawa, wane wanke hannu ana wannan hali. Amma na tafi. Bokiti ne mai famfo a lungu da guntun sabulu. Na cire safar hannu, na buɗe ruwan, ɗumi gare shi kamar an dafa, ina murza sabulun sai na ji bakina yana cewa don me, don me ka bar mu haka, ina kake. Ba a durƙushe ba, ba rufe ido, ba "Ubanmu wanda ke cikin sama", faɗa nake yi sosai. Sai maganar Fasto ta safe ta faɗo min, ashe shi ma a kan gicciye tambayar da ya yi ke nan, kuma ba kansa farau ba, farkon Zabura 22 ce ya ɗauko. Wato kukan nan a cikin Littafin yake tun da can, ni ce aka koya min cewa addu'a sai da ladabi da tsari. Na ɗauraye hannu na ce to Yesu ka riƙe min hannun nan, iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Na san wasu suna jira in ce ina komawa na samu jijiya a suka ɗaya. Ban samu ba. Abin da ya canza shi ne hannuna ya daina rawa kuma kaina ya dawo, na tuna ai maganin nan ana iya yin sa a tsoka, me nake jira. Na aika Iya ta tambayo likita ya ce a yi, na haɗa na yi masa a cinya. Sai wajen ƙarfe uku, da wani abokin aikina ya zo ya riƙe min ƙafar, muka samu wata siririyar jijiya kusa da idon sawu, ruwa ya fara ɗiga. Uwar ta ce Alhamdulillahi, ni na ce mun gode Ubangiji, Iya ta yi alamar gicciye ta ɗauki tsintsiyarta.

Tun daga wannan daren, har yau da nake rubutun nan, wurin wanke hannu ya zama wurin addu'ata. Nas tana wanke hannu sau nawa a duti ɗaya? Ba ya ƙirguwa. Kowane wanki kalma biyu uku, wani lokaci lambar gado kawai nake kira masa, gado na shida Ubangiji, ka gani dai. Ba na yi wa majinyaci addu'a da ƙarfi a kansa sai in shi ya roƙa, mutum yana kwance ba shi da ƙarfin ce miki a'a, bai kamata ki ɗora masa abin da bai nema ba, kuma yawancin waɗanda nake jinya Musulmi ne, suna da tasu addu'ar a bakinsu.

Yaron ya buɗe ido ranar Litinin bayan Ista. Ya sha kunu, ya gane uwarsa. Sai dai ranar Laraba ina jera kwanonin allura wani ya suɓuce min ya faɗi ƙasa, ƙarar ta sa duk ɗakin aka zabura, shi ko ko gezau, yana ta wasa da bakin zanen uwar. Na zagaya bayansa na tafa hannu daidai kunnensa. Shiru. Na san sanƙarau yana barin kurumta, mun karanta a makaranta, amma ranar ce na fara tsayawa gaban uwa da wannan labari a bakina. Ta kalle ni ta ce "Mi ya faru Malama?" na ce bari likita ya zo, na wuce wurin bokiti na daɗe ina murza sabulu, na rasa godiya zan yi ko faɗan zan sake.

A daren ne da na koma gida kaina ya fara sarawa, irin ciwon da ko hasken fitila ba na so. Maigidana ya taɓa goshina ya ce "Ke, sunkuyar da kanki in gani."

Mu haɗu mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.